Takardun da Ba a Ƙona Ba

"Mama, in dai Allah ya san komai, me ya sa muke rubuta masa takarda?"

Lauya ce ta yi tambayar, a tsakiyar coci, daidai lokacin da aka gama waƙa wuri ya yi tsit. Shekararta shida. Ubanta ne ya sa mata Lauya, don ba ta barin magana ta wuce ba ta tare ta da tambaya ba. Matan da ke bencin gabanmu suka waiwayo. Na matse mata hannu na ce ta bari sai mun je gida, sannan na ninke takardata huɗu na jefa a akwati.

Akwatin katako ne da ke bakin ƙofar cocinmu, da ɗan tsagi a sama da kwaɗo a gefe. Maigidana ne ma ya ƙera shi, lokacin da hannunsa ke lafiya. Duk wanda abu ya dame shi sai ya rubuta ya jefa. Lahadin ƙarshen wata Baba Fasto zai ɗora hannu a kai ya yi addu'a ba tare da ya buɗe ba, sai Baba Mai Ƙararrawa, tsohon da ke share coci yana kula da makullai, ya kai takardun rami a bayan gini ya ƙona. Ba wanda ke karantawa. Shi ya sa muke rubuta abin da ba ma iya faɗa wa ko uwar da ta haife mu. Har mukan sa hannu a ƙasa, kamar Ubangiji zai rikita mu da wata.

A wannan shekarar na cika akwatin nan da takardu. Da farko aka rushe layin shagunanmu don faɗaɗa titi, na dawo da keken ɗinkina falo, rabin masu kawo mini ɗinki suka ɓace. Ba a yi wata biyu ba injin yankan katako ya kama hannun Baban Lauya, ya tafi da yatsa ɗaya ya bar biyu ba sa lanƙwasuwa. Ya daina fita, ya daina zuwa coci, sai zama a kujera yana kallon bango. Ana cikin haka Lauya ta faɗi a makaranta tana karkarwa. Likita ya ce farfaɗiya ce, ya ba mu ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya kalle ni cikin ido ya ce kada a tsallake ko sau ɗaya. Akwai kuma na huɗu, wanda daga ni sai maigidana muka sani: cikin wata uku da ya zube mini a banɗaki wata ranar Talata, na wanke wurin na koma kan keke don akwai rigar da za a karɓa.

Ban daina addu'a ba. Amma in faɗi gaskiya, na kai inda duk wanda ya gaishe ni da fara'a sai in tsaya ina tunanin me ya ji a kaina.

Sai aka kawo wani baƙo mai wa'azi don taron mako guda. Aka sauke shi a ɗakin baƙi da ke jikin coci. Kwana biyu da zuwansa mutane suka sa masa Mai Gani, wai yana kallonka ya faɗi abin da ke cikin gidanka. Surukata, wadda ta tare a wurinmu tun ranar da ɗanta ya ji ciwo, ta ce sai mun je.

"Mama, ina da ɗinki," na ce.

"Ɗinkin da ya hana mu me? Ɗauko gyalenki."

Ranar Laraba da la'asar muka shiga layi. Da muka kai gabansa ya nuna mana benci, ya rufe ido. Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali, ba irin masu ihu ba.

"Ke ce tela," ya ce. "Kina da yarinya mai faɗuwa."

Wannan kowa ya sani.

"Mijinki yana gida. Inji ya ci hannunsa na dama."

"Haka ne, bawan Allah," in ji surukata.

Ya buɗe ido ya dube ni. "Akwai wanda kika ɗauka wata uku bai zauna ba. Kin ce wa Ubangiji, ka karɓi wancan, ka bar mini wannan."

Surukata ta juyo ta kalle ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ni kuwa hawaye kawai nake yi, don maganata ce, kalma da kalma.

Ya bar ni na yi kukan, sannan ya ce Ubangiji ya ji, yana so ya warkar da yarinyar, amma ƙwayar nan ce ta tsaya a tsakani. Wai duk ranar da na sa mata a baki ina gaya wa Allah ban yarda da shi ba. Daga yau a daina. Ran Lahadi a kawo kwalbar gaban bagade, teburin ibada na coci, a zubar a gaban jama'a.

Muna isa gida surukata ta wuce kan kanta, ta ɗauke kwalbar da katin asibitin da ke naɗe a jikinta, ta sa a jakarta ta zuge. Ba a ba da maganin nan sai da katin.

"Baban Lauya, ka yi magana," na ce.

Yana kallon hannunsa. "Mutumin ya faɗi abin da ni da ke kaɗai muka sani."

"Likita ya ce kada a tsallake."

"Likitan ya mayar mini da yatsana?"

A cikin aljihun keken ɗinkina, ƙarƙashin zare da allurai, akwai ƙwaya huɗu da na taɓa ƙullewa a leda don ko tafiya ta kama mu. Na kira Lauya wai ta zo in gwada mata riga, na sa mata ɗaya a baki na ba ta ruwa.

"Kaka ta ce an daina," ta raɗa.

"Haɗiye."

"To wa ya fi, ke ko Kaka?"

"Haɗiye, na ce."

Saura uku. Ta Jumma'a da safe ce ta ƙarshe. Ina taka keke ina roƙon Yesu ya gafarta mini in har da shi nake jayayya, don ni kaina ban san ko da shi nake yi ba.

Washegari Alhamis da safe na ɗauko ruwan ɗumi da auduga, na zauna a gaban maigidana kamar kullum.

"Miƙo na daman," na ce.

Sai ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. "Na daman lafiyarsa ƙalau, Tela. Ke dai har ki tsufa ba za ki san hagu da dama ba. Wa ya taɓa ɗinka wa mutum aljihun riga a dama in ba ke ba?"

Gaskiya ne, ciwona ne tun ina koyon ɗinki. Tela kullum tana fuskantar mutum, hagunsa na wajen damarta, ni kuwa bakina abin da idona ya gani yake faɗa. Na riƙe hannun nasa mai ciwo, na hagu, auduga tana ɗiga a cinyata.

"Mama," na kira surukata, "jiya wane hannu mutumin ya ce?"

Ta leƙo daga kicin. "Na dama ya ce." Ta tsaya. Ita ta haifi hannun, ta fi kowa sani. "To, baki ne, yakan kuskure."

"Kika ce masa haka ne."

"Ke ma ai ba ki musa ba."

Sai zuciyata ta fara aiki. Duk wanda ya zo duba Baban Lauya ya ga bandeji a hagu. Da wani ne ya tsegunta wa baƙon, hagu zai ce. Allah kuma da ya halicci hannun ba zai rikita shi ba. A duk faɗin cocin nan mutum ɗaya ce za ta kira wannan hannun na dama, ita ce ke zaune da auduga. Kuma wuri ɗaya na taɓa faɗin haka haɗe da zancen cikin.

Amma ai takardun akwati ƙona su ake yi.

Na raka Lauya makaranta na miƙe coci. A hanya babu wanda ban tuhuma ba. Baba Fasto shi ke ɗora hannu a akwatin, kuma shi ya gayyato baƙon. Uwar Mata, shugabarmu, ita ke goge bencin da ke kusa da akwatin duk Asabar, kuma kwanan nan ta cika tambayata ko ina cin abinci sosai. Har maigidana na saka a ciki, tunda shi ya sa kwaɗon, wa ya san makulli nawa aka ba shi? Na ji kunyar wannan tunanin, amma bai tafi ba.

Ban shiga ta gaba ba, na zagaya bayan gini wajen ramin. Ciyawa ce a ciki har gwiwa, kore shar, da wata 'yar bishiyar gwanda da ta kai ƙuguna. Na sa ƙafa na tona. Ko ƙwayar toka babu.

Na sami Baba Mai Ƙararrawa yana wanke bokiti a famfo.

"Ina kwana, Baba."

"A'a, Tela ce da sassafe? Ya mai hannu? Ya 'yar Lauyata, ta gama shari'ar?"

"Da sauƙi. Baba, a ina kake ƙona takardun akwati?"

Ya ci gaba da cuɗa bokitin da ya riga ya fita. "A inda ake ƙonawa."

"Na fito daga can. Gwanda ce a ciki."

Ya ajiye soson. Ya dubi ƙofar ofishin Fasto, ya dube ni. Na riga na yanke masa hukunci a raina, ina jiran in ji me baƙon ya yi masa alkawari.

"'Yata," ya ce, ya rage murya, "ni ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya karantawa. Amma na san yadda ake rubuta sunan Yesu, na gan shi a jikin bango shekara da shekaru. Ranar farko da aka ba ni takardun nan, na ƙyasta ashana, sai iska ta buɗe ɗaya, ga sunan nan a sama. Na buɗe wata, ga shi. Kowace da shi take farawa. In sa wa sunan Ubangijina wuta? Da wannan hannun da nake kaɗa ƙararrawa?"

"To ina kake kai su?"

"Ina adanawa." Har da ɗan alfahari ya faɗa. "Shekara goma sha ɗaya, ko ɗaya ruwa bai taɓa ba. Da a sito suke, da rufin ya fara yoyo na mayar da su inda ya fi ko'ina bushewa."

Ban ma tambaya ba. Idona ya riga ya tafi ƙofar ɗakin baƙi.

"Ƙarƙashin gado," ya ce. "Buhu biyar. Ai ba sa damun kowa."

"Baƙon yana ciki?"

"Sun fita da dattawa duba marasa lafiya."

"Buɗe mini, Baba."

Ya ƙi da farko, ya ce ɗakin bawan Allah ne. Na gaya masa ƙwaya nawa suka rage wa Lauya, da abin da likita ya ce zai iya faruwa in aka yanke mata magani rana ɗaya. Ya goge hannu a wando ya ciro makullai.

Ɗakin a gyare yake tsaf. Ƙarƙashin gado buhu huɗu suna ɗaure da igiyar Baba. Na biyar, na bana, yana bayan ƙofa a kwance, bakinsa a buɗe. A kan tebur an rufe wani abu da tawul. Na ɗaga. Takardu ne an warware su an danne da kofi, an jera su kashi-kashi, a gefe ga littafin rubutu da biro.

Tawa ba ta yi wuyar ganewa ba, don a bayan takardar yankan riga nake rubutu, mai ruwan ƙasa, da zanen alli shuɗi. Guda shida ya tara ya haɗa da fil. Ta uku ita ce. "Ya Yesu, ka dubi hannun mijina na dama. Cikin nan ya tafi. Ka karɓi wancan, ka bar mini wannan. Ni ce baiwarka, tela, uwar Lauya."

Kusa da tawa na hango rubutun Uwar Mata, na san shi daga takardun taronmu. Idona ya kama kalma biyu kafin in kifa ta. Matar da nake zargi tana tsegumina, ashe nata kayan ya fi nawa nauyi. Har yau ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba.

Baba Mai Ƙararrawa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon buhun da aka kwance. "Ni na share masa ɗakin," ya ce. "Ni na ce masa kada ya damu da buhunan, addu'o'in mutane ne."

Muka kira Baba Fasto. Ya zo ya tsaya a gaban teburin nan ya daɗe. Bai taɓa ko takarda ɗaya ba, littafin baƙon kawai ya buɗe, ya ga sunayen mutanensa a jere, kowa da abin da ke cinsa. Ya zauna a bakin gado kamar an zare masa ƙashi.

"Mutum nawa ya ce su daina magani?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba, Baba. Ni dai tawa na sani."

Ya ce in tafi gida, sauran nasa ne. Na ɗauki takarduna shida na fita. Abin da ya gudana tsakaninsa da baƙon ban gani ba. Na dai ji cewa kafin la'asar mutumin ya ɗauki jakarsa, kuma Baba Fasto ya bi gida-gida da ƙafa har gida tara yana cewa kowa ya koma kan maganinsa.

A gida na tarar da surukata tana tsince shinkafa, maigidana yana kujerarsa. Na ajiye takardar a cinyarsa.

"Karanta wa Mama."

Ya karanta a hankali. Da ya kai "na dama" ya tsaya, ya ɗaga hannunsa mai bandeji ya dube shi. Da ya kai zancen cikin sai da ƙyar ya ƙarasa. Na gaya musu inda na samo ta.

Surukata ta gama tsince shinkafar tas, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar da katin ta ajiye a kan keken ɗinkina.

"Kin ba ta na jiya da na yau?" ta tambaya.

"Na ba ta."

"Na sani. Na ga tana haɗiya a bayan labule." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ni abin da ya tsaya mini ba wannan ba ne. Ina cikin gidan nan, ɗaki ɗaya tsakaninmu, kika yi ɓari kika wanke kika koma ɗinki. Akwati kika gaya wa, ni ba ki gaya mini ba."

"Mama, kina fama da ɗanki."

"Ke ba 'yata ba ce?"

Ta dafa kafaɗata sau ɗaya, da ƙarfi, ta koma kicin.

Ran Lahadi Baba Fasto ya faɗa wa jama'a gaskiya daga kan bagade, ya ce laifinsa ne da bai taɓa zagayawa bayan gini ya duba ba. Bayan sujada aka fito da buhu biyar, shi da kansa ya ƙyasta ashana. Baba Mai Ƙararrawa ya juya baya har wutar ta mutu. Ba a kore shi ba. Yanzu akwatin a gaban kowa ake juye shi a wuta, shi kuma an yafe masa tsayawa a wurin.

Ba kowa ya ji daɗina ba. Akwai matan da har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau, wai na kori bawan Allah da baƙin bincike. Ɗaya ta karɓe atamfarta ba a ɗinka ba. Wahalar ma ba ta kwashe kayanta ba. Yatsun nan biyu har yanzu ba sa lanƙwasuwa, ko da yake Baban Lauya ya fara riƙe katako da tafin hannu yana goge shi da na daman, na daman gaske. Lauya ta sake faɗuwa watan jiya duk da maganin, likita ya ƙara mata rabi. Na riƙe kanta a cinyata ina kiran sunan Yesu har ta dawo, da ta farka na ba ta ƙwayarta, tsakanin addu'ar da maganin ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba.

Ina rubuta takarda har yanzu. Lauya ba ta manta da tambayarta ba, ta sake yi mini ranar da aka ƙona buhunan. Na ce mata Allah ya sani tun kafin in ɗauki biro, ni ce nake bukatar in faɗa. Ta yi tunani ta ce to me ya sa nake sa hannu a ƙasa. Na daina sa hannu.

Ke da kike karanta wannan, in wahala ta jeru miki har kin fara neman wanda zai gaya miki dalili, ki yi hankali da mutumin da ya san sirrinki. Sanin sirri ba shaidar Allah ba ne, wani lokaci buhu ne a ƙarƙashin gado. Ki saurara da kyau ko zai maimaita kuskurenki. Kuma ko wane ne shi, ko da wace murya ya zo, ranar da ya ce ki cire magani daga bakin ɗanki don ki nuna bangaskiya, ki riƙe hannun ɗanki ki tashi daga bencin.